Gado, Haye da Kasuwa: Tarihin Abin Kiɗan Farko a Ƙasar Garki

A shekarar 1955, Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos, yana nazarin zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, sai ya lura da wasu duwatsun da ke yin amo idan an ƙwanƙwasa su. Kowanne da irin muryarsa, gefunansu kuma duk sun lotsa saboda bugun da suka sha tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa. Suna cikin kayan kiɗa mafi tsufa da aka sani a ƙasar da yau ake kira Jigawa, kuma ba wanda ya taɓa taya su a kasuwa.

Garki, can arewa tsakanin Ringim da Babura da Gumel, ba ta da irin waɗannan duwatsu. Ƙasar rairayi ce, ta gero da dawa da gyaɗa da riɗi. Abin kiɗanta a gona yake fitowa, ko a garke, ko a dawa: kara, duma, itace, fatar akuya, gashin wutsiyar doki. Shi ya sa tambayar da saurayin Garki ke yi yau idan sha'awar kiɗa ta kama shi, wato me zan saya kuma nawa ne, baƙuwar tambaya ce. Kakansa bai san ta ba. A zamanin kakan, gidan da aka haifi yaro da sana'ar ubansa da matsayin ubangidan uban su ne ke yanke masa abin da zai kaɗa, tun bai iya tafiya ba.

Kowace sana'a da kiɗanta

Har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka kuma kafa masarautar Ringim, Garki gunduma ce a ƙarƙashin Sarkin Kano. Tsarin kiɗanta na ƙasar Kano ne, kuma tsari ne mai hawa-hawa. A can sama akwai tambari da kakaki, kayan sarki. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma tun daga nan kakaki bai zama abin da mai kuɗi zai saya don ra'ayinsa ba. Tambari kuwa a fada yake kwana, yana da mai kula da shi, ba a taɓa shi sai da dalili: naɗin sarauta, daren Salla, ko wani babban lamari. Hakimi da dagaci suna da nasu rabon, algaita da ganguna da makaɗan da ke raka su hawa.

Daga nan sai masu sana'a. Kalangu na mahauta ne, Sarkin Fawa ne ubangidan mai shi, da shi ake sanar da gari an yi yanka. Gangar noma ta manoma ce, ita ke zuga samari ranar gayya. Maƙera suna da dundufa. Maharba suna da garaya. 'Yan kokawa suna da gurmi. Lokacin da David Ames da Anthony King suka fitar da kundin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, abin da ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne kusan kowane abin kiɗa yana tafe da sunan waɗanda ake kaɗa wa shi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ma a kan irin wannan turba ya kasa makaɗa: na fada, na sana'a, na maza, na jama'a.

A irin wannan tsari, ɗan makaɗin noma ba ya tashi ya ce shi kotso yake so. Kotso na fada ne, irin wanda Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi suna da shi a ƙasar Zamfara da Sakkwato. Ɗan malami ko ɗan sarauta kuwa, ko ganga ba a so a gan shi da ita, don kiɗa roƙo ne a idon jama'a, maroƙi kuma a ƙasa ake ajiye shi, ko da kuwa ya fi mai ba shi kyautar riga mai tsada.

Kafin yaro ya kai ga kalangu

Duk da haka babu yaron ƙauyen da ya girma bai kaɗa wani abu ba. Da kaka, bayan an yi girbi an kwantar da kara, yara kan zaɓi kara mai kauri marar tsaga, su huda cikinsa, su ɗan fere bayansa kusa da baki su ɗaga wani siririn harshe, sai ga abin busa. A wasu wurare damalgo ake ce masa. Kwana kaɗan yake yi ya fashe, a yi wani. Da azumi kuma, daga goma ga wata, tashe ke buɗe wa kowa ƙofa. Bakin fasasshen tulu ko gwangwanin da aka jefar, a rufa masa guntun fata a ɗaure da igiya, a shanya a rana, ya isa a zaga gari da shi. Ɗan liman da ɗan mahauci tare suke wannan. Da an ga watan Salla sai kowa ya koma layinsa.

Wanda ya gaji kiɗa shi ne zai ci gaba, kuma ba daga sama ake fara shi ba. Farko ɗaukar kaya ne da zaman jiran kaya. Sai amshi. Sai a rataya masa kuntuku, 'yar ƙaramar gangar nan mai baki ɗaya da ake bugawa da tsinkaye biyu, wadda aikinta riƙe kiɗa ne kawai, ba ta magana, ba ta ƙawa. Yaron da ya iya tsayawa a kan bugu ɗaya tun daga la'asar har dare bai yi gaba ba bai yi baya ba, shi ake matsarwa zuwa ɗan karɓi, ƙanin kalangu. Babban kalangu, mai faɗin take da kirari, sai an ga gemu ya fara tsirowa. Abin kiɗan farko na irin wannan yaro tsohon na wansa ne ko na baffansa, wanda hannu ya riga ya goge, kuma aro ne. Ranar da ubansa ko maigidansa ya sa aka sassaƙa masa nasa, ranar ce aka shaida wa gari ya zama makaɗi.

Yadda ake haɗa kalangu

Ko a lokacin, kalangu ba kayan shago ba ne. Hannaye da yawa ne ke taruwa a kansa. Masassaƙi, mutumin da ke yin turmi da akushi da kujerar mata, shi ke fitar da icen. Alilliba aka fi so, don tana da sauƙin sassaƙa, ba ta da nauyi a kafaɗa, tana kuma da amo. Za a sare gungume a bar shi ya sha iska, sannan a fafe shi ta baki biyu da gizago, a matse tsakiyarsa. Gwanintar tana cikin wannan ƙugun da kaurin bangon: ya yi kauri murya ta toshe, ya yi siriri hunturu ya tsaga shi.

Fata daga wajen mahauta take zuwa, ta ɗan akuya ƙarami, don ita ce mai laushi da rashin kauri. A jiƙa ta, a kankare gashin, a ɗinke ta a kan zobe, a kifa a kowane baki. Sai tsarkiya, siraran igiyoyin fata da ke tafiya daga wannan baki zuwa wancan. Su ne ke sa kalangu magana. Makaɗi ya matse su a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, ta haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa har ɗan dambe ya ji an kira sunansa daga bayan gari. Baduku ya ɗinka maratayi. Makaɗi, wato lanƙwasasshen sandan bugun, mai kalangu kan nemo shi da kansa. Ɗaurin fata kuwa, makaɗin kirki ba ya ba wa kowa, domin fata na iya fashewa a tsakiyar biki, kuma wanda bai iya ɗaure kalangunsa ba sai ya naɗe tabarmarsa.

Daga nan ne dabarun duba kaya suka samo asali, kuma har yau su ne dai. Ana ƙwanƙwasa icen da yatsa a saurara, mai tsaga ba ya ɓoyuwa. Ana duba ƙananan hudojin ƙwaro da garin da suke zubarwa. Ana matsa tsarkiya a ga ko ta ja daidai ta kowane gefe. Ana kuma la'akari da lokaci: fatar da ta yi zaƙi da hunturu za ta saki da damina, sai an kanga ta a wuta ko a rana kafin ta dawo hayyacinta. Gwajin ƙarshe shi ne a miƙa wa wanda ya iya ya kaɗa take. Idan na tsaye a gefe ya gane abin da aka faɗa, kalangu ya yi.

Ƙofar 'yan haye

Wanda bai gada ba amma kiɗa ya shiga ransa, ɗan haye ke nan, kuma yawanci ta wajen masu tsarkiya yake shiga. Dalili a fili yake. Kalangu da ganga sai da ƙungiya, sai da ubangida. Goge ko kukuma ko gurmi kuwa mutum ɗaya ya isa, kayan haɗa su kuma suna bayan gida. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soka masa sanda, aka ɗaura gashin doki a bisa ɗan jakin da ke tallafe da shi, ana goga masa izga bayan an shafa mata ƙaro. Kukuma ƙanwarsa ce. Garaya ice ne da aka fafe aka rufe da fata, maharba sun fi son ta gada tunda su ke harbo ta.

Sai dai arahar tana da nata farashin. Malaman jihadin 1804 sun yi kakkausar suka ga kiɗan wasa da cakuɗuwar maza da mata, ko da yake sun bar gangar yaƙi da ta shela. Goge da garaya kuma sun daɗe da zama kayan bori, daga baya goge ya zama na gidajen 'yan duniya a garuruwan kasuwa. Saurayin da ya shigo gida da goge ya san maganar da zai ji, da yawa kuma barin gari suke yi kafin su fara.

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa ya isa Nguru a 1930, don gyaɗa aka shimfiɗa shi, amma ya taɓa kiɗa ta inda ba a zata ba. Jirgin da ya kwashi gyaɗa ya dawo da kananzir a garwa, da kifin gwangwani, da kekuna. Garwar ta zama abin ƙera kakaki. Wayar birkin keke ta zama tsarkiya. Gwangwanin kifin kuwa ya zama jikin kuntigi. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ya ga kuntigi ne a wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro, ya haɗa nasa da hannunsa, kuma da wannan tsarkiya guda ya zaga duniya har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. A nan gida Jigawa, Haruna Uji na Haɗeja ya fitar da gurmi daga fagen kokawa ya kai shi waƙar soyayya da ta zaman duniya. A tsallaken iyaka, Malam Maman Barka, malamin makaranta daga yankin Damagaram, da gurmi ya yi suna. Ko Mdou Moctar, Buzun Nijar da yanzu ke cika dandali a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Mata ba su taɓa jiran masassaƙi ba. Kayan kiɗansu na cikin kayan ɗaki. Ƙwarya ce a kife a ƙasa, ko a kife a kan ruwa cikin masaki, ana bugun ta da 'yan sanduna. Shantu kuma dogon duma ne da aka fafe baki biyu, ana buga gindinsa a cinya ana toshe bakinsa da tafi. Budurwa kan fara a bikin ƙawarta, a cikin gida, ba tare da kowa ya ce ta zama maroƙiya ba. Ƙwarya ta fashe, gyartai ya ɗinke. Da waɗannan kayan Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da amada daga tsakar gida zuwa manyan dandali.

Rediyo da kaset

Abin da ya fara kwance ɗaurin gado da gaske shi ne kunne. Gidan rediyon Kaduna ya soma aiki a 1962, akwatin rediyo mai batir ya shiga ƙauyuka, kaset ya biyo baya a shekarun 1970 da 1980. Yaron da a da bai san kiɗan kowa ba sai na makaɗin garinsu, yanzu yana kwance a rumfa yana jin kukumar Hassan Wayam da kalangun Mamman Shata. Shata kansa ɗan haye ne. Bafulatanin Musawa ne da gidansu ba su son waƙa, ya yi tallar goro da alewa, ya ɗauki kalangun mahauta da 'yan mata ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Bayan Shata, da wuya a iya gaya wa yaro cewa kalangu na wasu ne ban da wasu.

Da masu so suka yawaita, sai ciniki ya shigo. Wanda ba shi da baffa makaɗi dole ya nemi mai sayarwa, ko ya yi wa masassaƙi oda ya ba da kafin alƙalami. Kasuwannin mako su ne mahaɗa: Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, inda fata da ƙwarya da dabbobi ke haɗuwa da mutanen Nijar. Amma ko a nan ba a shimfiɗa kalangu kamar takalma a ce zo ka zaɓa. Tambaya ake yi, a haɗa mutum da wani, shi ma ya haɗa shi da wani.

Zuwan fiyano

Babban juyi daga Kano ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin bidiyon Hausa na farko, kafin ƙarshen shekarun nan goma kuma waƙa ta zama jigon kasuwar fim. Situdiyo irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da ganga da sarewa da goge duk da yatsunsa. Kiɗan fim ɗin Sangaya ya nuna wa kowa cewa na'urar tana iya kwaikwayon kayan gida har 'yan mata su ɗauka a dandali. Daga nan aka samu sabon makaɗi wanda ba ya rataya komai, ba ya bin kowa gida, kuma ba a ce masa maroƙi. Mawaƙan siyasa da na biki da sha'irai masu bege duk suka koma gare shi.

Wannan ne karon farko da abin kiɗan mai koyo ya zama kaya na shago sosai, mai kwali da lamba da rasit. Ɗan Garki da ke son fiyano sai ya shiga mota zuwa Kano, galibi Sabon Gari, inda masu sayar da kayan lantarki da kayan kiɗan coci suke. Yawanci na hannu ake fara saye. Dubawar ma ta sauya salo: a danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya daga farko har ƙarshe a ji wanda ya mutu, a gwada lasifika, a tabbatar wayar wutar tasa ce, a tambaya ko yana cin batir. Tambayar batir ba ƙarama ba ce a garin da wutar lantarki ke zuwa ta ga dama, shi ya sa kuɗin fiyano kan ja kuɗin sola ko na janareto a bayansa. Idan kuma ya lalace, ba gyartai ba baduku, sai an sake komawa birni.

Ra'ayin gida bai gushe ba, wuri ya sauya. Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wa'azi a kan kiɗa ya ƙaru, kiɗan dare a bukukuwa ya ja baya a garuruwa da dama. Uban da ba zai yarda a shigo masa da goge ba yana iya barin ɗansa ya riƙe bandiri a zikirin Ƙadiriyya, wani uban kuma duka biyun bai yarda ba. Fiyano ya samu sauƙi ne saboda a ɗaki ake kaɗa shi, kuma ya yi kama da aikin kwamfuta. Yanzu ma da yawa ba sa sayen fiyanon. Manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio a tsohuwar kwamfuta, ko wata makamanciyarta a waya, ita ce abin kiɗan farko na samari masu yawa a Dutse da Ringim da Garki, malaminsu kuma YouTube.

Hanyoyi uku ke nan a gaban mai koyo a yau, kuma kowacce da abin da take nema. Ta waya da fiyano kuɗi take ci da caji. Ta gurmi da kuntigi har yanzu ƙwarya ce da gwangwani da igiyar masunta, sai dai fatar guza da ta damo sun yi wuya, wasu sun koma ta akuya. Ta kalangu da ganga ita ce ba ta sauya sosai ba: sai an nemi maigida, an ɗauki kaya, an yi amshi, don ba a koyon take a bidiyo, kowane gari da na mutanensa. Manyan itatuwan sassaƙa sun ragu a ƙasar Garki, masassaƙan da suka iya ƙugun kalangu ma ba su da yawa, wani lokaci sai an aika wata ƙaramar hukuma kafin a samu. Amma odar ba ta yanke ba. Da kaka ta yi aka buɗe fagen dambe, ɗan wasa ba ya shiga sai an kaɗa masa takensa ya yi kirari, ranar hawan Salla a Ringim kuma ana buƙatar masu algaita da ganga a bayan kowane hakimi. Waɗannan ayyuka biyu har yanzu ba a ba fiyano su ba, kuma su ne ke sa ana ci gaba da rataya wa yara kuntuku.